Gam ɗin da Baba ya shafa

Wata rana wani dattijo, Malam Barau, ya raka 'yarsa Juwaira gasar ƙwallon tebur a Legas. Wasa ɗaya ya rage mata. In ta ci, za ta tafi gasar Afirka.

Shi ma tsohon ɗan wasa ne. Ya yi tashe a Kaduna da ƙuruciyarsa, amma bai taɓa tsallake iyakar ƙasa ba. Shi ya fara ɗora mata bat, wato faifan buga ƙwallon, a hannu tun kanta bai gama wuce tebur ba.

A zamaninsu, ɗan wasan da ya san kansa sai ya ɗaye robar bat ɗinsa kafin wasa, ya shafa gam irin na masu facin taya, ya mayar. Roba ta ɗan kumbura, ƙwallo ta fita kamar harsashi. Zakarun duniya ma haka suke yi a lokacin.

Daga baya aka haramta gam ɗin saboda tururinsa yana cutar da lafiya. Malam Barau ya ji labarin sama-sama. Ya ɗauka dokar Turai ce, ba za ta iso nan ba.

Da safen ranar wasan Juwaira ta bar masa jakarta ta tafi motsa jiki. Ya buɗe, ya ga gefen robar bat ɗinta ya ɗan ɗago.

Ya laluba aljihu. 'Yar kwalbar gam ɗinsa tana nan.

Ya shafa a hankali, ya hura da baki, ya danne da tafin hannu yana yi mata addu'a. Bai gaya mata ba. So yake sai ta ci ya ba ta labari su yi dariya.

Aka fara wasa. Ƙwas! Ƙwas! Ƙarar da ya yi shekaru bai ji ba. Ya gyara zama yana ce wa na kusa da shi, "Ka ji hannu ko? 'Yata ce."

Ta ci.

Tana cikin rungumar abokan wasanta aka karɓi bat ɗin, aka sa a na'urar da ke gano tururin gam. Babbar alƙaliyar wasa ta duba, ta sake dubawa, ta girgiza kai.

Aka soke nasarar, aka ba abokiyar karawarta.

Juwaira ta dinga rantsuwa tana kuka cewa ba ta taɓa komai ba. Wasu na gefe har sun fara cewa dama sun ga bugun ya yi yawa.

Malam Barau ya sauko daga kujerun 'yan kallo. Ya ajiye kwalbar a kan tebur.

Ta kalli kwalbar, ta kalle shi.

"Baba, kai ne?"

"Mamana, gyara miki na yi. Haka muke yi."

"Da, Baba. Da kuke yi. Me ya hana ka tambaye ni?"

Ya juya wajen alƙaliyar, ya ce laifinsa ne, ba na 'yarsa ba.

Alƙaliyar ta ce ta yarda yarinyar ba ta sani ba, amma bat ɗin da ya yi wasa shi ake hukuntawa.

A motar komawa gida, ita ta ɓare masa lemo ta miƙa. Ya karɓa, ya kasa sha. Har yau, in an sa wasan ƙwallon tebur a talabijin, tashi yake ya fita.

Darasi:

Ƙauna ba ta hana kuskure. Abin da ya kai ka gaba jiya yana iya zama abin da zai kayar da ɗanka yau. Kafin ka gyara wa wani abinsa, ko da kai ka koya masa, tambaye shi.

Ku tura wa duk wani uba ko uwa da ke son taimakon ɗansa. Wataƙila akwai kwalba a aljihunsu.