Hajiya Kunna-Mu-Gani, Uwar Asusun Masu Ƙirƙira

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da Hajiya Kunna-Mu-Gani, a shekarar 1964, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a gidan da ke bayan kasuwa. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta kuwa tela, ita ce kuma ta uku cikin 'ya'ya bakwai da Allah ya azurta su da su. A shagon mahaifin nata ta yi wayo, tsakanin tsofaffin batura da ƙaurin dalma, a nan ne kuma ta ga ƙa'idarsa guda wadda ba ya karyawa: komai saurin da mai rediyo yake yi, ba a miƙa masa kayansa sai an kunna a gabansa ya ji da kunnensa.

Karatu

Ta shiga firamare a 1970, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1977, sannan ta sami gurbin karatun injiniyan lantarki a jami'a a 1982, ita kaɗai mace cikin ɗalibai arba'in da ɗaya. Abokan karatunta sun shaida cewa babu fanka ko dutsen guga a ɗakin kwanan ɗalibai da ba ta buɗe cikinsa ta leƙa ba, ya lalace ko bai lalace ba. Ta kammala da sakamako mai daraja a 1987.

Aiki da aure

A 1988 ta kama aiki a ma'aikatar kimiyya da fasaha, bayan shekara biyu kuma aka ɗaura mata aure da wani malamin lissafi, mutum mai sanyin hali, wanda ya sha faɗa wa baƙi: "Duk gidan nan agogon hannuna kaɗai matata ba ta kwance ba, shi ma don ba na cire shi ne." Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Kafa asusu da tuntuɓen farko

A 2011 gwamnati ta kafa asusun tallafa wa ƙananan kamfanonin fasaha masu tasowa, tallafi ne ba rance ba, aka kuma naɗa ta shugabarsa. Gaskiya ɗaya ce, a zagayen farko ita ma ta yi kuskure, kuma ba ta taɓa musantawa ba. Matasa masu kwat suka zo da takardu masu sheƙi da zance kamar zuma, ta rattaba hannu wa kamfanoni goma sha biyu. Da ta kai musu ziyara bayan shekara biyu, abin takaici, sai ta tarar da kujeru masu juyawa da labule masu tsada, amma ko ƙwan fitila babu wanda ya ƙera. A Disambar 2013 kwamitin kasafi ya ba ta wa'adin wata goma sha biyar: ko ta nuna abu guda mai aiki, ko a rufe asusun har abada.

Washegari ta sa aka fitar da kabad ɗin takardu daga ofishinta, aka shigo da teburin katako, aka kafa masa soket. Daga ranar duk wanda ya shigo da fayil, kalma ɗaya yake ji: "Ɗana, ajiye takardar nan tukuna. Ina abin yake? Kunna mu gani." Nan laƙabin ya samo asali, nan kuma masu kwat suka ɗauke ƙafa.

Ungozoma da mai walda

A Mayun 2014 wata ungozoma da ƙanenta mai walda suka shigo ɗauke da akwatin da suka haɗa daga jikin tsohon firji, da murfin gilashi da batir, domin ɗumama jarirai bakwaini idan wuta ta ɗauke, saboda ta gaji da ganin suna sandarewa a hannunta. Takardarsu shafi biyu ce da rubutun hannu, kamfanin ma ba shi da rajista, har ma'aikata sun so sallamar su daga bakin ƙofa. Aka ɗora a tebur, aka kunna, sai ga hayaƙi ya turnuƙe ofis! Mai walda ya dafe kai, ungozoma ta fara tattara mayafinta, Hajiya kuwa ta miƙe tana tafi.

"Alhamdu lillahi! Shekara uku ina zaune a nan, sai yau na ga abin da ya isa ya yi hayaƙi! Ƙanwata, koma ki zauna, ba inda za ki."

Da hannunta ta gano wayar da ta haɗu, ta sa hannu a kan tallafinsu, ta raka su wajen rajista, ta haɗa su da likitocin yara da ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, har hukumar tantancewa ta amince da akwatin.

Ranar hukunci

Ranar Talata, 17 ga Maris, 2015, da hantsi, ta ƙi karanta rahoto a zauren taro, ta kwashi 'yan kwamitin zuwa ɗakin jarirai na wani ƙaramin asibiti, inda akwatuna shida ke aiki. Ba su yi minti goma ba wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi. Shugaban kwamitin ya dube ta ya ce, "To, Hajiya, ga ki ga ranarki." Allahu Akbar! Fitilu shida koraye na jikin akwatunan ko ƙiftawa ba su yi ba. A akwati na huɗu wata jaririya mai nauyin kilo ɗaya da 'yan kai ta yi miƙa ta ci gaba da barcinta. Minti arba'in mutumin nan yana tsaye yana kallon ma'aunin zafi bai motsa ba, sannan ya juya ga mai walda ya ce, "Kai, guda nawa kuke iya ƙerawa a wata?" A shekarar aka mai da asusun doka.

Shekarun ƙarshe

Kafin ta yi ritaya a 2023, kamfanoni ɗari da arba'in sun bi ta teburin nan, wanda har yau yana ofishin da tabon ƙunarsa. Ba dukansu suka rayu ba, ita ce kuma ta farko wajen faɗin haka, amma babu guda da aka ba tallafi ba a kunna kayansa ba.

Rasuwa

A farkon 2024 ciwon huhu ya kwantar da ita. Da ma'aikaciyar jinya ta turo na'urar taimaka wa numfashi, sai marigayiya ta gane tambarin da ke jikinta, na wasu 'yan'uwa ne da suka taɓa tsayawa gaban teburinta. Ta yi murmushi ta ce, "'Yata, kunna mu gani." Aka kunna, ta saurara, ta ce, "Tana yi."

Allah ya karɓi abarsa ranar Alhamis, 9 ga Mayu, 2024, bayan azahar, tana da shekara sittin, aka yi mata sutura da la'asar a maƙabartar unguwarsu. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Babban Yaya, likitan dabbobi, Mai Sunan Baba, injiniyan ruwa, Uwani, malamar makaranta, sai Auta, mai shagon gyaran waya. Ta kuma bar jikoki tara, cikinsu har da 'Yar Akwati, wadda aka haifa wata bakwai a 2019, ta yi kwana ashirin da uku a akwatin ungozoma, yarinyar da a yanzu kakanta ke ɓoye wa agogonsa don kada ta kwance shi. Allah ya jiƙan Hajiya, ya haskaka kabarinta.