Allo a Ƙofar Gidan Koci

Orval Tackett mai rubuta alluna ne a Brayford, wani ɗan gari da ke cikin tuddan Tennessee. Duk allon da ka gani a ƙofar kanti ko coci ko shagon aski a garin, in dai ya kwana biyu, to aikin hannunsa ne. Wajen kawunsa ya koyi sana'ar tun yana saurayi, kuma ko da injin buga rubutu ya zo ya kwashe masa rabin ciniki, bai ajiye buroshi ba. Ba shi da yawan magana. Matarsa Wilma, kafin ta rasu, takan ce duk mako da bebe take zaune, sai ran Asabar a musanya mata shi da mahaukaci.

Ba ƙarya ta yi ba. Orval bai taɓa zama a ajin kwalejin Brayford ba, fenti kaɗai ke kai shi ciki, amma ƙungiyar ƙwallon kwalejin, irin ƙwallon Amurka da ake gudu da ita a hannu, wadda ake kira Alfadarai, ji yake kamar shi ya haife ta. Da zarar kaka ta shigo, ganye ya soma ja, kowace Asabar yana kan benci ɗaya a filin wasa, tsakanin Hoyt Ledbetter mai sayar da taraktoci da Clovis Yancey tsohon ma'aikacin gidan waya. A kan bencin nan suka yi furfura su uku. Samari na ƙasa da hulunan kwano, sun rungumi ƙwallo suna ture juna, tsofaffi na sama suna koya musu yadda ake yi.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Darlene. Ta auri Rusty Vandiver mai koyar da ƙwallo, aikin da ba ya barin mutum ya daɗe a gari ɗaya. Daga wannan jiha zuwa waccan suka yi ta yawo, har Wilma ta kwanta ciwon ajali 'yarta na can nesa, sai jana'iza ta tarar. Saboda haka ranar da kwaleji ta ɗauki Rusty ya zama babban koci, Orval kasa cin abinci ya yi don murna. Darlene ta dawo garinsu. Suka sayi gida a bayan cocin Baptis, kowace Lahadi shi yake zuwa ya ɗauke ta su tafi sujada, in an tashi su koma gidanta a ci soyayyar kaza da kuɓewa, a sha shayi mai ƙanƙara. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma teburin nan shi ne abin da ya rage masa a duniya.

Sai Alfadarai suka shiga shan kashi.

Shekarar farko aka ce a yi wa Koci haƙuri, tarkace ya gada. Ta biyu aka fara gunaguni. A ta uku babu mai rufe baki. Abin da ya fi ci wa mutane rai ɗabi'a ɗaya ce tasa. Dama huɗu ake ba ka ka matsa gaba yadi goma da ƙwallo a hannu. In uku sun wuce ba ka cika ba, ko ka yi ta maza ka gwada ta huɗun, ko ka sa a buga ƙwallon da ƙafa can nesa, ka miƙa wa abokan karawa. Rusty kullum bugawa yake sa a yi, ko da abin da ya rage bai fi tsawon takalmi ba. Har mutanen gari suka sa masa suna Koci Ungo.

Orval na gani, amma ya ɗaure bakinsa. A filin wasa ya riƙa cusa gyaɗa a baki don kada wata kalma ta kuɓuce. A teburin Lahadi kuwa sai zancen ruwan sama da tsadar fenti.

Ana gobe za a kara da kwalejin Pell Ridge, abokan gabarsu na gado, ya shiga gidan abincin Mis Opal da safe kamar yadda ya saba. Ya tarar da su Hoyt sun riga shi.

"Ga surukin Ungo nan," in ji Hoyt. "Opal, zuba masa gahawa. In ta kusa cika sai ki miƙa wa na teburin can."

Aka yi dariya. Clovis ya ce, "Ni dai tun ranar da aka sa wa ƙungiyar nan suna Alfadarai na san an gama da mu. Wa ya taɓa ganin alfadari ya haihu?"

"Ku bar bawan Allah ya ci abincinsa," in ji Mis Opal, ta ajiye masa faten masara da ƙwai.

Hoyt ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "Orval, maganar gaskiya. In gobe aka sake shan kashi, akwai masu neman allo. Ka san irin wanda nake nufi."

Ya sani. Tsohuwar al'ada ce a garin, in koci ya ishi mutane ba a zuwa a faɗa masa a ido. Sai dai ya wayi gari ya ga an kafa allon sayar da gida a ciyawar ƙofarsa, wato ya tattara ya ƙara gaba. An yi wa wasu kafin Rusty, kuma a lokacin Orval ya yi dariya tare da kowa.

"'Yata ce a gidan, Hoyt."

"Ai ba da ita ake ba."

"A gidan take kwana."

"To, ka ce mana mijinta ya iya aikinsa. Faɗi mu ji, nan gaban Opal."

 Orval ya shanye gahawarsa, ya sa hularsa ya fita.

Asabar ɗin ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Fili ya cika maƙil, 'yan badujala na ta busa. Abin mamaki, Alfadarai suka riƙe wuta, har wasa ya zo ƙarshe Pell Ridge ba su fi su da wani abin kirki ba. Ƙwallo na hannun Alfadarai, sun tsallaka tsakiyar fili, dama uku suka wuce, abin da ya rage bai kai kamu ɗaya ba. Duk filin ya miƙe tsaye, kowa na cewa a gwada. Rusty ya tsaya a bakin layi ya daɗe yana duban ƙasa. Sannan ya ɗaga hannu, mai bugawa da ƙafa ya rugo ciki.

Orval bai san lokacin da ya hau kan benci ba. Ya kewaye bakinsa da tafin hannu, abin da ya haɗiye shekara uku ya fito gaba ɗaya. Ya ce a kori matsoraci. Ya ce ya tattara kayansa ya koma inda ya fito. Muryarsa mai kauri ce, kuma mutane sun san ko shi wane ne, sai suka karɓa, kalmar ta yi ta yawo daga benci zuwa benci. Hoyt na ta jan gefen rigarsa, shi kuwa ya ɗauka zuga shi yake yi, ya fizge. Pell Ridge suka riƙe ƙwallo har lokaci ya cika, suka ci wasan.

Washegari ya aske gemu, ya sa kwat ɗinsa ta coci, ya shiga a-kori-kurarsa. Yana karya kwanar layin su Darlene ya hango allon, an kafa a tsakiyar ciyawa. Farin allo ne mai jan baki, an rubuta GIDAN SAYARWA da shuɗin fenti. Ya taka birki. Aikinsa ne. Irinsa ya yi wa Gaither dillalin gidaje ba adadi. Motocin masu zuwa coci na wucewa a hankali, ana leƙe ta taga.

Darlene na tsaye a bakin ƙofa da rigar zaman gida, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Darlene, ba ni ba ne."

"Hannunka ne, Baba. Ni nake wanke maka buroshi ina ƙarama. Ko daga ƙarshen layi na san rubutunka."

"Na Gaither ne. Wani ya tumɓuko shi daga ƙofar wani gida."

"Jiya ma wani ne ya ari muryarka?"

Ya tsaya riƙe da hularsa.

"Bargo na kawo maka filin wasa jiya," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na hango ka fito ba rigar kirki, na ce tsohon nan zai kwanta ciwo. Ina tsaye a bayanka, Hoyt na jan rigarka don ka juyo. Da Hoyt ne ya faɗa, ko Clovis, ko duk garin, da ban damu ba, na saba. Amma kai ka fara."

 Ya je ya kama allon da hannu biyu, ya yi ta girgiza shi har ya fito da ƙasa a gindinsa.

"Yau ban dafa komai ba," in ji Darlene, ta rufe ƙofa a hankali.

Bai je coci ba. Ya jira aka tashi, ya shiga gidan abincin Mis Opal da allon a hammata, ya shimfiɗa shi a kan teburin su Hoyt, a kan faranti da komai. 

"Wane ne ya kafa shi?"

Clovis ya dubi silin. Hoyt ya goge baki. "'Yan makaranta ne. Ni dai mota na ba su. Daga gidan marigayiya Misis Purdy suka ciro, ban ma lura na waye ba."

"Za ka je ka faɗa wa Darlene."

"Zan je, Orval, yanzu ma kuwa. Amma ba ni na hau benci jiya ba."

Hoyt ya cika alkawari. Darlene ta saurare shi a tsaye, ta yi masa godiya, amma ba ta kira ubanta ba. Lahadin da ta biyo baya Orval ya buɗe waken gwangwani ya ci shi kaɗai a shago, cikin warin fenti. In waya ta yi ƙara sai ya tashi da sauri, ya tarar mai neman allo ne.

Rusty ne ya zo da kansa, wata Laraba da yamma. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya tsaya yana duban gwangwanayen fenti kamar saye ya zo yi.

"Mista Orval, ban zo don abin da ka faɗa ba. An faɗa mini abin da ya fi shi a garuruwan da ba su kai nan kirki ba. Kwaleji ta sanar da ni, in kakar wasa ta ƙare na gama."

"Koci, ni..."

"Bari in ƙarasa. Darlene ta ce in mun tafi ba ta ga abin da zai sake dawo da ita garin nan ba. Ka san ta, in ta faɗa ta faɗa. Saura wasa ɗaya a gida. Ita kaɗai take zama yanzu a can sama, matan mataimakana sun daina zuwa." Ya juya zai fita, ya tsaya. "Ba ita ta aiko ni ba."

Ran Asabar rabin fili babu kowa, waɗanda suka zo ma don su yi ihu suka zo. Orval ya iso daidai bencinsu, Hoyt ya matsa masa wuri. Bai zauna ba, ya wuce. Ya ci gaba da hawa, yana dafa ƙarfe, gwiwoyinsa na ƙara, har can sama inda aka keɓe wa iyalan masu koyarwa. Darlene na zaune ita kaɗai a dogon benci. Ya zauna kusa da ita. Ba ta dube shi ba, ba ta kuma matsa ba.

Mutane suka fara waiwaye. Wani ya ce, "Orval, yau ba za ka hau benci ba ne?" Wani ya ce ya sauko ya ja musu baki, su ba su iya ba. Wani kofin takarda ya faɗo kusa da takalmin Darlene. Orval ya sa ƙafa ya ture shi, ya kafa idonsa a fili.

Ba a daɗe da komowa daga hutun rabin lokaci ba abin ya sake zuwa. Dama ta huɗu, saura ɗan kaɗan. Rusty ya dubi ƙasa, ya ɗaga hannu, mai bugawa ya rugo. Ihu ya tashi ta ko'ina. Orval ya ji abin na taso masa daga ciki kamar wancan karon. Ya damƙe gwiwoyinsa, ya cije haƙora.

"Tsawon tafin hannu fa," in ji Darlene, idonta na kan fili. "Ko ni ce da na gwada."

Ya juyo ya dube ta.

"Tun muna sabon aure nake faɗa masa. Amma a kicin nake faɗa, Baba. Ba a kan benci ba."

"Na ji."

 A ƙasa abokan karawa sun karɓi ƙwallo suna ta keta Alfadarai.

"Ina za ku?" ya tambaya.

"Ba mu sani ba tukuna. Ana maganar wani wuri can arewa."

"Da Kirsimeti fa?"

 Ta ja mayafinta ta rufe wuya. "Bari mu ga goben tukuna. Ka zo da wuri, ba na son zaman baya a coci."

Ya gyaɗa kai. Ihun ya ƙaru, an fara kiran Ungo da baki ɗaya, wasu na buga ƙafa a kan katako. Orval ya gyara zama kusa da 'yarsa, bakinsa a rufe, har aka tashi.