Ɗanyen Nama da Kwikwiyon Inna

A shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida zaman jiran aiki, Inna ta karɓi kare a karo na farko a rayuwarta. Gidanmu yana bakin gari ne a wajen Tudun Kaya, bayansa gonaki, kuma kajinta sun fara raguwa. Wasu suka ce muzuru ne, wasu suka ce muzurun yana sa takalmi. Wata Bafulatana da ke kawo mata nono daga wata ruga ta wajen Yammedi ta ce karyarsu ta haihu. Da ta tashi dawowa sai ga ta da ɗan kwikwiyo a kwando, ja mai farin ƙirji, ko dokin ƙofa da ƙyar yake haurawa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika fuskantata da magana ba. In tana da saƙo gare ni sai ta faɗa wa kaji ko tukunya, ni kuma in tsinta. Ranar da aka kawo shi tana watsa wa kajin tsaki ta ce musu, "Don ku aka kawo shi. Ranar da ya sa baki a jikin ɗayarku, ranar zai bar gidan nan."

Na ji, na kuma san ba ta maimaita magana.

Abincinsa ɗumamen tuwo ne da jiƙaƙƙen ƙanzo, a zuba masa ɗan nono a kai, a kaskonsa na musamman can bayan rumbu. Inna tana da doka guda: duk abin da ya danganci nama sai ya bi ta wuta kafin ya isa bakinsa. In za a yanka kaza sai a kulle shi a ɗakin awaki, a binne jinin da ƙasa, hanjin kuma a jefa a garwashi tukuna. A ganinta, karen da ya san nama da ƙaurin hayaƙi kaɗai ba zai taɓa gane cewa abin da ke yawo a tsakar gida shi ne naman ba. Ni labarin ƙasa na karanta, ban san komai kan dabbobi ba, don haka ba zan ce maganar tana da tushe ko ba ta da shi ba. Na dai ga kwikwiyon yana barci kaji na tsallaka shi.

Ban yi niyyar shaƙuwa da shi ba. Ina kiyaye tufafina da butata, ina wanke hannu in na taɓa shi, wataƙila ma fiye da yadda ake bukata. Amma yana bin ni gona, yana kwanciya kusa da takalmana, kuma a garin nan shi kaɗai ne ba ya tambayata ko an samu aikin.

Ana cikin haka ɗan kawuna ya zo. Asalinsa ɗan Rogo ne, amma yana zaune a Abuja yana abin da yake kira harkoki, waɗanda har yau ban samu wanda ya iya bayyana mini su ba. Ya zo da wayoyi biyu, da turaren da ke riga shi shiga zaure, da makullin mota a yatsa. Motar ce dai ban gani ba, a bayan ɗan acaɓa ya iso. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, wato taubashina ne, kuma tun muna yara bawansa yake ce mini. Tsakaninmu duk abin da aka faɗa wasa ne. Ban taɓa ganin illar wannan ba sai a kan kwikwiyon nan.

Washegari ya tarar da shi a kan kasko.

"Gwaggo, me ake ba wannan bawan Allah?"

"Abin da muke ci," in ji Inna.

"Tuwo? Haba Gwaggo. Kin taɓa jin kyarkeci ya ɗora tukunya? Ai shi ne kakansa. Kashe shi kuke yi a hankali ba ku sani ba."

Ya zaro waya ya nuna mana wani Bature a wani madafi mai ƙyalli, yana buɗe firiji mai girman ɗakin Inna, yana auna jan nama a sikeli yana ba wani ƙaton kare. Ɗan kawun nawa ya ce yanzu duk wanda ya waye ɗanyen nama yake ba karensa. Na lura da firijin, na kuma tuna cewa rabonmu da wutar lantarki tun kafin in tafi bautar ƙasa. Shi ina jin karen kawai ya gani. Iya sanina, bai taɓa kiwon ko tantabara ba.

Da yamma na hau keke na shiga Karaye inda waya ta fi kamawa, na zauna na karanta abin da na samu. Masu yabon abin suna da yawa, masu kushe shi ma haka, ni kuma ban isa in raba su ba. Amma na ga sun haɗu a kan wasu abubuwa: ba a sauya wa ɗan kwikwiyo abinci rana ɗaya, naman yana son sanyi, kuma ƙaramin kare mai girma yana bukatar haɗi daidai, ba duk abin da aka kwaso ba. Na dawo na same shi a tabarma yana cin gyaɗar Inna, na yi masa bayani a tsanake, har ina cewa mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba.

"Gwaggo, ji Farfesa," ya ce. "Bawana ya je ya yi wa kare digiri. Aiki ya gagara, an koma likitan karnuka."

"Da gaske nake," na ce.

"Na sani mana. Ai fuskarka ta nuna."

Inna ta yi murmushi. Ta ɗauka wasanmu ne na kullum. Duk yadda na ƙara tsuke fuska, sai abin ya ƙara ba shi dariya.

Ranar kasuwa ya tafi Rogo, ya dawo bayan azahar da baƙar leda a ɗaure, cike da kawunan kaji da ƙafafu da hanji daga wajen masu fiɗa, da wani guntun huhu. Ledar ta sha rana a hanya, ya kuma tsaya gaisawa da abokai. Tun daga zaure ƙudaje suka yi masa rakiya. Ya kife kaskon tuwo da ƙafa, ya zazzage ledar a ƙasa, ya ja da baya yana ɗaukar bidiyo yana magana da Turanci, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Kwikwiyon ya ci, ya amayar, ya koma ya ci. Kashegari zawo ya kama shi, ya kwanta a gindin rumbu idanu a lumshe.

"Gubar tuwo ce take fita," in ji ɗan kawuna. "Haka suka ce za a gani."

Ban ga inda suka ce haka ba, amma ba zan rantse babu ba, tunda ban karanta duk abin da ke duniya ba.

A nan Inna ta daina murmushi. Sai dai ɗan wanta ne, kuma baƙo, ba za ta iya ce masa ya bari ba. Tana tuƙa tuwo ta ce wa tukunya, "Wasu dai an ce sun yi karatu, amma ana ɓarna a gabansu suna kallo." Na tsinci saƙon. Ita ba ta iya yi masa magana, ni ba ta iya yi mini kai tsaye, ni kuma in na yi masa sai ta zama wasa. A tsakanin mu uku babu wanda zai iya hana mutumin da bai san komai ba yin abin da ya ga dama.

Da kwikwiyon ya ɗan farfaɗo sai ɗan kawuna ya ce saura mataki na gaba, wai asalin tsarin shi ne a ba shi naman da gashi da komai, yadda zai samu a daji. Ya sayo zakara a makwabta. Na ce bari in kulle kwikwiyon, ya ce ai darasin kenan, ya gani. Ya yanka shi a tsakiyar gida, zakaran yana ta bugun ƙasa, kwikwiyon yana zagaye shi yana haushi, kajin Inna suna tsaye a gefe. Jinin ma bai bari an binne ba. Ya jefa masa kai da fiffike ɗaya. Ƙirji da cinyoyi kuwa ya miƙa wa Inna ta soya masa, da yaji. Ashe kyarkeci ba ya cin cinya.

Bai daɗe ba ya koma Abuja, wai harkoki suna kira. Ya bar mini kwikwiyo mai sansana tuwo ya kau da kai.

Na yi abin da na ga zan iya. Tunda na karanta cewa sauyin gaggawa ne matsalar, ban mayar da shi kan tuwo rana ɗaya ba. Nakan karɓo ɗan tarkace wajen mahauci, in ɗan nuna wa wuta, gobe in ƙara gasawa, in cuɗa da tuwo da nono. Da rana ina ɗaure shi a gindin dalbejiya. Ya fara karɓa, cikinsa ya daidaita, har na soma tunanin mun tsira. Amma na lura ya daina barci in kaji na wucewa. Yakan kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa, idonsa yana bin su.

Wata rana da hantsi na dawo daga gona na tarar ya tauna igiyar. Ya fito daga bayan rumbu da budurwar kazar Inna, wake-wake, a bakinsa, ya kawo ta gabana ya ajiye yana kaɗa wutsiya. Ban iya dukansa ba.

Dole in faɗi cewa na karanta wasu suna cewa ɗanyen nama ba ya koya wa kare farauta, wai in ya kai wani girma yakan gwada ko me yake ci. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa ko ɗan kawuna bai zo ba da hakan ta faru. Ni dai na san yadda yake kafin zuwansa, na kuma san abin da aka yanka a gabansa.

Makwabta suka shigo jaje, kowa ya zama masani. Waɗanda kwanan baya suka taru suna kallon bidiyon ɗan kawuna suna cewa lallai ɗan Abuja ya san duniya, su ne suka ce tun farko sun san za a yi haka.

Na tsaya a bakin madafi na ce, kamar da garu nake magana, da za a ƙara masa lokaci, a sayo sarƙa, ni zan kula da shi, zan kuma biya kazar. Inna ba ta juyo ba. Ta ɗebi tsaki ta fita tsakar gida ta kira kajinta.

"An yi muku alkawari," ta ce musu.

Da mai nono ta zo aka ba ta shi. Ya fi ƙarfin kwando yanzu, da igiya ta ja shi. Ta ce mijinta zai yi kudu da shanu, karen zai bi su, can babu kajin kowa. A bakin zaure ya zauna ya ƙi tafiya, sai da na rako su har ƙarshen gonarmu, na tsaya, ta ci gaba da jansa. Ban sake ganinsa ba. Na tambaye ta bayan damina, ta ce ai sun yi nisa.

Ɗan kawuna ya dawo da Sallah. A lokacin ya bar zancen karnuka, ya koma bayanin yadda ƙwan makwarwa ke maganin kowace cuta. Sai da ya ci ya sha ya waiwaya bayan rumbu.

"Af, ina kyarkecina?"

Na gaya masa komai, tun daga igiyar har bakin gona. Ya girgiza kai yana sakace.

"Kai ma da laifinka, bawana. Kai da ka yi karatu, ai da ka faɗa mini."

"Na faɗa maka."

"Yaushe?"

"A kan tabarmar nan, kana cin gyaɗa."

"Oho, wannan," ya ce. "Ai na ɗauka wasa kake."

Inna ta wuce ta gabanmu da kaskon kwikwiyon, wanda yanzu kaji ke shan ruwa a ciki, ta ɗauraye shi ta sake cikawa.