Benen da Baffa Labib Ya Hana a Yayyafa wa Ruwa

Ni na sayar wa Baffa Labib tayil ɗin gidansa, tun daga ƙasa har hawa na uku, saboda haka ba mai ba ni labarin gidan nan. Shagona yana bakin titin da ya nufi garin Samalut, nan Masar, gidansa yana bayan cocinmu, kuma duk ƙauyen ba wanda ya kai shi tsawo. Fenti, famfo, makullai, duk ta hannuna suka bi. Ko yanzu ka tambaye ni, sai in gaya maka kwalin tayil nawa ya shiga kowane ɗaki.

Ƙanen mahaifina ne. Ƙuruciyarsa a Kuwait ta ƙare, yana gyaran famfo a gidajen mutane. Da ya dawo, kai ya yi furfura, gwiwa ta fara ciwo, sai ya dasa gini. Hawa ɗaya na babban ɗansa Karas, ɗaya na Fadi, ɗaya na auta Bulus. Karas yana Italiya, Fadi yana Kanada, Bulus yana Alƙahira yana neman hanyar bin su. Shi da matarsa Damyana suka tsaya a ƙasa, cikin ɗaki biyu masu duhu.

Ba ya shan giya, ba ya caca. Zanen gicciye na nan a wuyan hannunsa kamar na kowa, azumi bai taɓa wuce shi ba. Amma tun da aka zuba harsashin ginin ba a ƙara ganinsa a coci ba sai da jana'iza. A ranakun ibadarmu biyu, Juma'a mai fenti ke zuwa, Lahadi kafinta. Da aiki ya ƙare ma bai huta ba. Kullum da safe, kafin ya kurɓi shayi, zai cire takalmi a gindin matakala, ya hau da tsumma, ya goge kujerun da ba wanda ya taɓa zama a kansu, ya kunna kowane famfo ya kashe, ya kulle, ya sauko yana haki.

A Babban Azumi firist kan bi gida-gida ya yi addu'ar fitila. Faranti ne da man zaitun da lagwani bakwai na auduga, a tayar da turare, a shafa wa mutanen gida man, sannan firist ya zaga ɗaki-ɗaki yana yayyafa ruwa. Namu firist ɗin, Abuna Bimen, hannunsa da nauyi. In ya watsa ruwa sai ka ce lambu yake shayarwa. Duk shekara a ƙasa Baffa ke tare shi. Bana ya ce fenti bai bushe ba, baɗi ya ce makulli ya ɓata.

Shekarar da likita ya ce sai an yi wa Damyana aikin zuciya a asibitin birnin Asyut bayan Ista, sai ta ce tana so a yi addu'ar a sama, a falon Karas. Ina wurin, na kawo kan famfo.

"Me ya sami nan ɗin?" in ji Baffa. "Allah ba ya sauka ƙasa ne?"

"Abu Karas," in ji Damyana, wato baban Karas, "gidan nan ya cinye mini miji, ya cinye awarwarona. Ban san ko zan dawo daga Asyut ba. Ina so a kira sunan Allah a cikinsa ina ji da kunnena."

"Hayaƙin turare fa? Kin san silin ɗin saman fari ne."

"Na ji ana faɗa. Ba ka bar ni na zauna na gani ba."

Washegari Baffa ya zo shagona ya sayi leda mai faɗi, duk wadda nake da ita.

Ranar addu'a ni da wani maƙwabci muka hau da Damyana a kujera. Falon ya koma kamar sito: leda a kan kujeru, leda a bango, leda har a kan labule. Abuna Bimen ya tsaya a bakin ƙofa yana sauke numfashi. Tsoho ne, kuma gida na shida ke nan da ya shiga tun safe.

"Abuna, takalmi," in ji Baffa.

Abuna ya dube shi, ya cire. "Labib, a bagaden coci kaɗai na saba cire takalmi. Ashe gidan nan yana da firist ɗinsa tuntuni. Kana masa sammako, kana masa durƙuso. Me yake ba ka?"

"Na yara ne, Abuna."

"Yaran suna da gidajensu inda suke. Kai nake tambaya."

Aka kunna lagwani ɗaya bayan ɗaya, aka yi karatu, aka shafa wa Damyana mai a goshi da wuya da hannaye. Da aka zo ga ruwa, Abuna ya ajiye kwanon.

"Ba na sa wa leda albarka. In ka fi so, sai mu sauka."

Damyana ba ta dubi mijinta ba, hannayenta kawai take kallo. Baffa ya daɗe a tsaye. Can ya je ya kama gefen ledar bangon gabas, ya ja a hankali, har ta zube. Ya bi sauran. Bai tsaya ganin ruwan ba, ya fita ya zauna a kan matakala, yana jin yadda yake faɗa wa bango. Damyana kuwa ta sa muka kwantar da ita a doguwar kujerar Karas, ta yi barci har la'asar.

Ruwan ya bar tabo, dogaye guda biyar, na ƙirga. Na ce masa gwangwanin fenti ɗaya ya isa, kuma ina da kalar. Ya ce a bari sai ta dawo.

Ta dawo, da sanda, ba ta iya hawa sama kuma. Baffa bai daina sammakon goge-gogensa ba, sai dai ranar Juma'a yakan kulle da wuri ya riƙo hannunta zuwa coci. Yana zama can baya, kusa da ƙofa, wani lokaci har gyangyaɗi. Makon jiya da muka fito daga coci ya ja ni gefe.

"Wagdi, wa ya shimfiɗa musu tayil ɗin nan? Duk a karkace yake."