Akushin Kava da Waƙar Malama Ulamila

Ulamila ta tashi ne a hannun kakarta, Bubu Vinaina, tsohuwa mai saƙar tabarma wadda bakinta ba ya hutawa, in ba waƙa ba to labari. Da yarinyar ta girma aka kai ta Suva, babban birnin ƙasarsu, ta yi karatun koyarwa, ta dawo tsibirinsu, kuma a makarantar firamare guda ta yi furfura.

Tun farkon aikinta ta lura darasi na shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, amma abin da aka rera ba ya barin kan yaro. Sai ta shiga tsara musu waƙoƙi, ta sunayen kifaye, ta alamun guguwa, har abin ya zame mata jiki. Mijinta Sakiusa yakan yi mata tsiya cewa a gidansu rogo ba ya nuna sai dai ya ƙone, don mai dafawar tana can tana farautar amsa-amo. Cikin waƙoƙin akwai wadda ta koya wa 'yan aji huɗu shekara da shekaru, a kan wani akushi mai siffar kunkuru na dama kava, abin shansu na gargajiya, wanda sarkin ƙauyen Tudu ya sassaƙa, Turawa suka yi gaba da shi.

Da ta ajiye alli, hukumar lardi ta damƙa mata ɗan gidan tarihin da ke kusa da tashar jirgin ruwa. Ta same shi gara ta ci rabi. Ta share, ta gyara, ta bi ƙauyuka tana tambayar asalin kowane kulki da kowace tukunya. Doka ɗaya ta kafa wa kanta: ba a rubuta wa kaya bayanin da ba a tabbatar ba.

Ana nan sai wani gidan tarihi na ƙetare ya maido da wani tsohon akushi. Da aka buɗe akwatin, Ulamila ta leƙa ciki. Kunkuru ne sak, har da ƙafafu. Takardar da ta biyo shi sunan tsibirin kawai ta ambata.

Kafin mako ya zagayo, mutanen Tudu da na wani ƙauye mai suna Bakin Ruwa sun cika farfajiyar gidan tarihin, kowa ya ce na kakanninsa ne. Aka shimfiɗa tabarmi, aka dama kava, aka sha. Sai Peniasi, tsohon ɗalibinta wanda yanzu shi ke magana da yawun sarkin Tudu, ya ce su ba su zo da gardama ba, shaidarsu waƙar kakanni ce. Ya fara rerawa, mutanensa suka karɓa. Ulamila ta ji kalmominta suna fitowa daga bakin magidanta masu tumbi, har da wurin da take sa yara su tafa.

Ta nemi izini ta ce wannan waƙa ita ta tsara ta, a barandar makaranta. Aka yi dariya a hankali.

"Malama, kin dai koya mana," in ji Peniasi. "Wanda ya koyar da Littafi Mai Tsarki ai ba shi ya rubuta shi ba."

Ta juya wajen Momo Waisake, dattijon Bakin Ruwa, tana zaton shi kam zai yi murna da shaidar abokan gardamarsa ta rushe. Tsohon ya girgiza kai.

"'Yata, ba taki ba ce. Mahaifiyata na rera ta, kuma ta rasu kina goye. Sai dai ita Bakin Ruwa take cewa, ba Tudu ba."

Aka tashi ba a yanke komai ba. Ulamila ta koma gida. Tana tuna zamanta a barandar, tana tuna baitin da ya ba ta wuya. Amma tun daga ranar, in ta rera waƙar a zuci, da muryar Bubu Vinaina take jin ta. Tsohuwar kuwa haihuwar Bakin Ruwa ce, aure ya kai ta Tudu. To ita Ulamila ce ta ƙaga waƙar, ko ta tuno ne ta ɗauka ƙagawa ce? In ta gada ne, ko ita ta sauya sunan ƙauyen don amon ya zauna? In kuma ƙagawa ce, ta ina ta san akushin kunkuru ne? Sakiusa ya ce wataƙila tsohon ne ya rikice, ta ce wataƙila, ba ta dai sami barci ba.

Ta yi watanni tana bin tsofaffi. Duk wanda ya san waƙar, ko ya zauna ajinta, ko ɗansa ya zauna. Da hukuma ta matsa mata ta faɗi mai akushin, ta ce ba ta sani ba. Wasu suka ce tsoron sarakuna ne, wasu suka ce tsufa. Akushin ya zauna a gidan tarihin babu bayani a gabansa, ƙauyukan biyu na aronsa in an yi biki ko rasuwa, suna kuma zargin juna da jinkirin maidowa.

Shekarar da ta biyo baya ta sauka daga shugabancin gidan tarihin, ta koma Suva wajen 'yarta. Wasu tsofaffin ɗalibanta suka haɗa hannu don a buga waƙoƙinta a littafi. Ta ce su ba ta lokaci ta ware nata daga na kakarta tukuna. Har yanzu tana warewa, kuma tarin waɗanda ta rasa inda za ta sa su ya fi sauran tsayi.