Malam Tanko marini da shunin asibiti

Mu a unguwarmu ta cikin birnin Zariya, in ka ce Malam Tanko marini ba wanda zai tambaye ka wanne. Shekara arba'in yana bakin karofi, hannuwansa sun rine da shuni har gwiwar hannu, ba sabulun da ke fitar da shi. Mu biyar ne muke ciyayya a ƙofar gidansa bayan magariba, kowa ya kawo kwanon gidansa. Shi ne mai ba mu dariya, shi ne kuma mai cinye naman miya, Allah ya shirye shi.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. 'Yarsa Jamilatu ta yi karatu ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti wajen Wusasa. Kullum mitarsa, sana'ar kakanni za ta mutu a hannunsa.

Da daminar 1989 tari ya kama shi, wata biyu bai sake shi ba. Ba tare da ya gaya wa kowa ba ya yanke wa kansa hukunci cewa tarin fuka ne. Sai ya janye daga ciyayya, ya ware kwanonsa da modarsa, yana cin tuwo shi kaɗai a zaure don kada ya shafa mana. Wallahi abin ya yi mana ciwo. Tuwon ma ya daina daɗi.

Jamilatu ta yi ta fama ya ba da kakinsa a gwada, ya ce ba mai leƙa masa ƙirji. Da ta gaji sai ta gaya masa ai rina kakin za ta yi. Nan fa ya miƙe zaune. Washegari ya sa babbar riga, ya ja ni rakiya.

Da muka isa ɗakin gwajin, ta shafa kakin a ɗan gilashi, ta zuba jan ruwa, ta wanke, sannan ta ɗiga wani shuni na kwalba da suke kira metilin bulu. Ta bayyana mana cewa ƙwayar cutar ja take fitowa, shunin kuma ya rina sauran don a gan ta sosai. Minti ɗaya ta ɗauraye.

“Tsomi ɗaya?” in ji Malam Tanko. “A gidanmu aka haife ki kuwa?”

Aka kira ta waje. Ina kallo, mutumin nan ya ɗauki kwalbar ya ƙara ɗigawa a gilashin, ya hura masa iska kamar yadda ake shanya zane, ya sake ƙarawa. Na ce ya bari, ya ce in yi shiru, ni tela ne. Da Jamilatu ta dawo ta duba a madubin gwaji, ba ta ga komai ba sai duhu. Ta kalli gilashin, ta kalli ubanta, ta yi dariya har da hawaye. Ya jawo wa kansa ƙarin kwana guda, don sai an sake gwajin.

Sau uku aka yi gwajin, yana zaune hannuwansa a aljihu bisa umarninta. A na ƙarshe ta matsa ta ce, “Baba, zo ka duba da idonka.” Ya daɗe a sunkuye. Shuɗi tas, ko ɗigon ja babu. Likita ya ce tokar karofi ce ta dame shi, ya rubuta magani.

Da ya ɗago, idonsa ya ciko. “Rinin ya kama, Jamilatu. Ashe ba ki bar gida ba.”

Ran nan bayan magariba ya fito da kwanonsa ya zauna a wurinsa. Muna kallo ya zura shuɗin hannun nan cikin miyar gidana ya ɗauke tsokar da na ɓoye a gefe. Ban taɓa jin daɗin rasa nama irin na ranar ba.