Malam Ubaidullahi da Bindigar Audi Maharbi

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗinki a shagon da ke jikin na Malam Ubaidullahi, a wani lungu na unguwar Briketeri bayan masu tsire. Bango ɗaya ya raba mu, don haka babu abin da zai shiga shagonsa ban ji ba.

A nan unguwar aka haife shi. Kakansa maƙeri ne da ya biyo fatake daga Kano, mahaifinsa kuma wuƙaƙe yake ƙera wa mahauta. Shi aka sa a makarantar koyon sana'a, inda da Faransanci ake karatu, ya koyi aiki da injin sassaƙar ƙarfe, shi ya sa har yau da Faransanci yake ƙirga awo. Daga nan ya yi shekara ashirin da biyu a shagon wani tsohon Bagirike mai sayar da bindigogin farauta a cikin gari. Da Bagiriken ya koma ƙasarsu, Malam ya nemi takardar izini ta kansa, ya dawo unguwa ya kafa injinsa. Yawancin aikinsa na injin markaɗe ne da ƙarafan mota. Bindiga ba ta fi zuwa sau huɗu ko biyar a shekara ba, kuma ba ya taɓa ta sai ya karanta takardarta.

Wata safiya a damina, Abdulgaffar, wani mahauci daga unguwar Etudi, ya shigo da dogon ƙunshi a cikin bargo. Bindigar mahaifinsa ce, marigayi Audi, wanda ya yi suna wajen bin sawun namun daji a arewa. Wani Bature da Audi ya daɗe yana yi wa jagora ne ya bar masa ita. Abdulgaffar ya mayar da takardunta sunansa, yana so ya fita da ita farauta in lokaci ya buɗe, amma harsashinta an daina yin irinsa tun da daɗewa. Guda biyu suka rage, su ma sun yi kore.

"Baba Ubaidu," in ji shi, "wani a kasuwar Mokolo ya ce in aka ɗan faɗaɗa gurbin harsashin, za ta ci na zamani. Ya ce aikin kwana biyu ne."

Malam ya ɗaga bindigar saitin ƙofa, ya leƙa cikin bututun, ya daɗe yana juya shi.

"Ɗana, tsatsa ta cinye cikin nan. In na ƙara rage ƙarfen, wata rana a fuskarka zai fashe. Sauran jikinta lafiya lau, ƙarfe ne na kirki. Sabon bututu take so, wanda zai ci harsashin da ake samu."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Sai an yi odarsa ta shagon masu izini, sai an sake takarda tunda harsashi ya canza. Wata shida, in an yi sa'a."

Abdulgaffar ya nannaɗe bargonsa ya fita ko sallama babu. Na leƙo na ce, "Malam, ka kori ciniki." Ya ce, "Umair, koma kan kekenka."

Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo, yana sosa ƙeya. Ashe mahaifiyarsa ce ta ce ba ta yafe ba in ya bari wani ya taɓa bindigar, don Audi da kansa wurin Malam yake kawo ta tun yana shagon Bagirike. Malam bai tayar da zancen fitar da ya yi ba. Ya ɗauko biro, suka fara cike takardu.

Wata biyar aka yi kafin bututun ya iso. Sandar ƙarfe ce kawai mai rami, Malam ne zai yanka mata haƙoran da za ta murɗa ta shige jikin bindigar, ya kuma fafe gurbin da harsashi zai kwanta. Kwana uku bai karɓi aikin kowa ba. Ya yanka kaɗan, ya tsayar da inji, ya auna, ya rubuta, ya sake yankawa. A rana ta uku, bayan la'asar, na ji injin ya yi shiru, shirun ya yi yawa. Na shiga na tarar da shi zaune a kan benci da ma'auni a hannu.

"Karanta mini wannan lambar," ya ce.

Na karanta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Takwas na gani, ashe uku ce. Na zarce."

Ya murɗa bututun a jikin bindigar ya miƙo mini. Na girgiza, na ja, ni dai ban ji wani motsi ba. Na ce, "Malam, wa zai sani? Ai ta kama."

"Ta kama yau. Shekara biyar fa? Kuma tsawon bai kai in yanke in sake ba."

A take ya kira Abdulgaffar a waya, ina tsaye. "Ɗana, na ɓata bututunka. Idona ne, ba ƙarfen ba. Zan sayo wani, amma farautar bana ta wuce ka." Ban ji amsar ba, na dai ga Malam yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiyarka, gaskiyarka." Washegari ya tura babur ɗinsa kasuwa ya sayar. Daga ranar nan, da ƙafa yake hawa tudun gidansa.

Matarsa, Inna Ramatu, ita ce ta ce ba za ta ƙara kawo masa abinci shago ba sai ya je an duba idon. Shekara biyu tana fama da shi yana cewa tabarau ne suka tsufa. Likita ya ce yanar ido ce, aka kankare ta a ido ɗaya, bayan wata guda aka yi ɗayan. Ranar da ya dawo shago ya tsaya yana kallon bango, ya ce, "Umair, ashe haka shagon nan ya yi datti ba wanda ya gaya mini?"

Bututu na biyu ya zo, ya yi masa kwana huɗu. Wannan karon ko kirana bai yi ba. Ranar gwaji muka tafi wani tsohon ramin fasa dutse a bayan gari, mu uku da jandarma guda da aka turo ya shaida. Malam ya ɗaure bindigar a jikin tayar mota, ya zura igiya a kunamarta, muka laɓe bayan dutse ya ja. Sau uku ya yi haka, kowane karo sai ya je ya dudduba ta. Abdulgaffar ya miƙa hannu zai karɓa, Malam ya ce, "Tsaya. Kafaɗata tukuna." Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya ya durƙusa, ya ɗora ƙotar a kafaɗa, ya harba sau uku. Da muka je wurin allon da aka kafa don a harba, tafin hannuna ya rufe ramukan duka. Sannan ya miƙa wa mai ita. Abdulgaffar ya shafa ƙotar, inda hannun mahaifinsa ya cinye katakon. Tsohon bututun mai tsatsa kuwa a gaban jandarman Malam ya yanka shi gida uku, aka rubuta a takarda.

Da lokacin farauta ya zagayo, Abdulgaffar ya tafi arewa. Wata rana da hantsi ya bugo waya yana ta zuba, wai ya sami kanki, babban naman dajin nan mai ƙaho, harbi ɗaya, daga nesa. Malam ya bari ya gama, sannan ya ce, "Madalla. Kwanson harsashin fa, ya fito ba gardama? Kada ka yar, ka taho mini da shi."

Ya kuwa kawo, tare da ƙullin busasshen nama. Malam ya miƙa wa Inna Ramatu naman, ya fita bakin ƙofa da kwanson, ya juya shi a hasken rana, ya shafa gindinsa da farce, bai ji kumburi ko tsaga ba. Ya ce, "To, ta zauna." Ya jefa shi a aljihu, ya ɗauki buta, don an fara kiran azahar.